Mayar da mota mai ja da ƙafa huɗu daga otomatik zuwa giyar hannu: tambayoyi da amsoshi

Tun da na mayar da tsohuwar motata Toyota 4Runner daga otomatik zuwa giyar hannu, kusan duk wanda ya leƙa ciki ya ga feda uku a motar da aka san ta da biyu sai ya yi tambaya. Wasu direbobi ne, wasu manoma da 'yan kasuwa masu shiga ƙauyuka, wasu kuma giyabos ne ya mutu musu suna neman mafita. Na tattara tambayoyin da suka fi yawa na amsa su a nan bisa abin da na gani da idona da abin da na koya a garejin da aka yi mini aikin.

Malam, da gaske ana iya wannan aikin, ko kuwa lalata mota ne kawai?

Ana iyawa, amma da sharaɗi ɗaya babba: kamfanin da ya ƙera motar ya taɓa fitar da irinta, da irin injinta, da giyar hannu. Idan haka ne, ba sabon abu za ka ƙirƙira ba. Za ka mayar da motar ne zuwa wata siffa da kamfanin ya riga ya tanadar mata, ramukan noti suna nan, wurin da fedar kuloci za ta zauna ma sau da yawa za ka tarar an yi masa alama a jikin ƙarfen da ke tsakanin inji da ƙafar direba.

Land Cruiser samfurin 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, misali ce mai kyau. Waɗanda aka sayar a Amurka duk otomatik ne, amma a ƙasashen Larabawa da Turai da Afirka an sayar da masu giyar hannu da yawa. Haka 4Runner ta 1996 zuwa 2002: a Amurka an ci gaba da sayar da mai giyar hannu har samfurin 2000. Prado 90 da 120, Hilux, Patrol Y60 da Y61, Pajero, Xterra, duk suna da 'yan uwa masu kuloci.

Inda kamfanin bai taɓa yin haka ba, kamar Highlander da Lexus RX, ka cire zancen daga ranka.

Me ke sa mutum ya bar otomatik da sauƙinsa ya koma taka kuloci?

Yawancin motocin da ke shigo mana daga Amurka ta Kwatano ko Legas otomatik ne, kuma sun sha hanya kafin su iso. Suna zuwa su haɗu da zafin watan Afrilu da kaya fiye da ƙima da man giya na jabu. Ranar da giyar ta fara zamewa, mai motar sai ya gano cewa wanda ya iya buɗe otomatik ya ɗinke shi daidai ba a kowane gari yake ba. Mai giyar hannu kuwa, kusan duk garin da ke da tashar mota akwai bakanike da zai sauke giyabos ya canza maka faifan kuloci.

Dalili na biyu turi ne. Idan batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi tashi a tsakiyar daji, mai giyar hannu mutum uku ko huɗu za su tura shi ya tashi. Otomatik ba ya tashi da turi, domin famfon man da ke haɗa giyoyinsa inji ne ke juya shi, idan inji bai tashi ba babu abin da zai haɗa taya da inji. Wannan na cikin dalilan da suka sa motocin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku, Hilux da Land Cruiser 70, suke da giyar hannu. Sai dai a lura, motar fetur mai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana buƙatar ɗan ragowar wuta a batir don famfon mai ya yi aiki, ko da turin ne.

Na uku shi ne gangara. Duk wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe da kaya a mota ya san darajar giyar da za ka saka ta riƙe motar ba tare da ka ƙona birki ba.

To giyar hannu ta fi otomatik ke nan a daji?

Ba a ko'ina ba, kuma ina son a fahimci wannan kafin a kashe kuɗi. A cikin rairayi mai laushi irin na yankin Yusufari ko Machina, otomatik mai lafiya ya fi sauƙin tuƙi. Yana canza giya ba tare da ya yanke ƙarfi ba. Kai kuwa mai giyar hannu, daƙiƙar nan da ka taka kuloci don ka tashi daga ta biyu zuwa ta uku, rairayin ya riga ya kama tayoyin, motar ta zauna. Ƙari a kan haka, konbata, wato tulun ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da giyar otomatik, tana ninka ƙarfin inji kusan sau biyu a lokacin tashi. Aibinta shi ne zafi. Duk wannan aikin a cikin mai ake yinsa, man yana tafasa, kuma zafin nan shi ke cinye faiba, wato faya-fayan da ke kama giyoyi a cikin otomatik, ya kashe giyar.

A gangara da duwatsu lissafin yana juyewa. Ɗauki 4Runner mai injin 3.4. Giyar farko ta otomatik ɗinta, A340F, 2.804 ce, wato inji yana juyi 2.804 kafin sandar da ke fita bayan giyar ta yi juyi ɗaya. Ta giyar hannu, R150F, 3.830. Idan ka saka ƙaramar giyar ogzilari, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wadda take 2.566, kuma aksul ɗinka 4.10 ne, to a giyar hannu inji zai juya sau 40 kafin taya ta juya sau ɗaya, a otomatik kuwa kusan sau 30. Ma'ana motar tana rarrafe a hankali, inji na riƙe da ita ƙam, ƙafarka ba ta kan birki.

Giyar motata ta fara zamewa. In gyara ta ne ko in mayar?

Kafin komai ka tabbatar giyar ta mutu da gaske. Na ga motocin da aka yanke wa hukunci alhali ciwonsu ƙarami ne: mai ya yi ƙasa, matatar cikin faranti ta toshe, solonoyid ɗaya, wato bawul ɗin lantarki da ke canza giya, ya ƙone, ko wata na'urar auna gudu ta daina aiki. Zaro sandar awon man giya ka shafa a farar takarda. Idan ja ne garau, akwai fata. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, faiba sun tafi. Idan kuma ya yi kama da madara mai ruwan hoda, to ruwan lagireto ne ya shiga ciki ta bututun sanyaya mai da ya fashe, kuma ko sabon giyabos ka saka ba ka canza lagireton ba, shi ma zai mutu.

Idan motar a gari take aiki, kai yara makaranta, zuwa ofis, tafiya Kano zuwa Abuja a kan kwalta, shawarata ka gyara otomatik ɗin ko ka sayi irinsa na Beljiyam, ka ƙara masa na'urar sanyaya mai ta daban a gaban lagireto, ka riƙa zuba man da littafin motar ya ce. Giyoyin Aisin da ke cikin waɗannan Toyotocin suna da ƙarko ƙwarai idan ba a bar su sun yi zafi ba. Mayarwa ta dace da motar da abincinta a daji yake, nesa da masu gyaran otomatik.

Waɗanne kaya zan saya?

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Suna zuwa kasuwa su sayi giyabos tsirara, a zatonsu sun gama, alhali ko rabin kayan ba su haɗa ba.

Ban da giyabos ɗin kansa, kana buƙatar belhausin da ya dace da injinka, wato kwandon da ke haɗa giya da inji. Kana buƙatar fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da kuloci ke zama a kai, domin abin da ke bayan injin otomatik siririn faranti ne kawai da konbata ke ɗaure a jikinsa, kuloci ba ya zama a kai. Notukan fulawil sun fi na farantin tsawo, su ma a nemo su. Sai faifan kuloci da murfinsa mai matsewa, da boris ɗin sakin kuloci, da cokalin da ke tura shi. Sai masta na sama da na ƙasa, waɗanda makanikai ke kira ofa kuloci da dawun kuloci, da bututun da ya haɗa su. Sai fedar kuloci da mazauninta, da ƙaramar fedar birki, saboda ta otomatik tana da faɗi, za ta tsare wa ƙafar hagu wuri. Sai sandar giya da ta ogzilari da robobinsu, da murfin tsakiya na cikin mota. Sai ƙarfen da ke gicciye a ƙasa wanda giyabos ke zama a kai, da sitin giya, wato robar da ke tsakaninsu. Sai farfela biyu, wato sandunan da ke kai juyi daga ogzilari zuwa aksul, ta gaba da ta baya, domin tsawon giyoyin ba ɗaya ba ne. A motar fetur mai birenbos, a haɗa da birenbos na giyar hannu da wayoyin da ke zuwa giya.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin boris da ke shiga cikin ramin ƙarshen karanshaf, wanda bakin sandar giyabos ke zama a ciki. Injin da ya zo da otomatik ba shi da shi. A motata an manta da shi a karon farko. Mun fita gwaji, giya tana shiga da ƙyar, ana jin wani kuka-kuka daga ƙasa duk lokacin da na taka kuloci. Muka dawo, yaran gareji suka sake shiga rami, aka kwance farfela biyu, aka sauke ogzilari da giyabos da kuloci, aikin yini guda cur, don a saka abin da bai kai girman murfin kwalbar lemo biyu ba. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya riƙe wannan boris ɗin a aljihunsa, ya tsaya a kai har ya ga an buga shi a wurinsa.

Zan iya tsintar kayan ɗaya bayan ɗaya don in rage kuɗi?

Za ka iya, amma ban ba ka shawara ba. Abin da ya fi shi ne ka samu mota guda irin taka, mai giyar hannu, wadda ta yi hatsari ko injinta ya mutu, ko rabin mota da aka yanko daga waje, ka kwashe komai daga jikinta har notuka da ƙananan ƙarafa masu riƙe bututu. Kayan da suka yi shekaru suna aiki tare sun riga sun dace da juna. Wanda ya sayi giyabos a Ladipo, farfela a Panteka, feda a Ƙofar Ruwa, yakan ƙare da kai wa mai walda ya yanke wannan ya ƙara wancan, kuma farfelar da aka yanke aka haɗa da ido ba ta rabuwa da karkarwa.

Kuloci dai da boris ɗinsa da mastoci, sababbi za ka saya. Ka kuma canza oyil sil na bayan karanshaf, wato robar da ke hana mai zuba, tunda ga shi a fili. Idan ya fara zubar da baƙin mai daga baya, kan sabon kulocinka zai zuba.

Na samu giyabos mai suna iri ɗaya da wanda aka ce in nema. Shi ke nan?

Tukuna. Suna ɗaya ba ya nufin zai shiga. A Land Cruiser 80 akwai H150F da H151F, amma belhausin na injin fetur 1FZ daban yake da na injin dizal 1HZ ko 1HD. A ƙananan Toyota kuma, W56 da ke bin injin 22R sandarsa ta baya haƙora 21 gare ta, R150F na injin V6 kuwa 23, don haka ogzilarin wannan ba ya shiga wancan. Akwai ma tsohon otomatik mai lamba A340H wanda ogzilarinsa a haɗe yake da giyar, da man giyar yake aiki, ba a iya raba su a yi amfani da shi. Mafi aminci ka sayi giyabos da ogzilarinsa a ɗaure tare yadda suka fito daga mota.

Ka duba farantin lamba da ke jikin motarka, a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofar direba. Toyota tana rubuta lambar giya da ta aksul a wurin. Ɗauki hotonsa ka tafi da shi kasuwa.

Sai maganar hannun tuƙi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi dama haka suke, don haka sitiyarinmu a hagu yake. Kayan da aka kwance daga motocin Japan ko Ingila na masu sitiyari a dama ne. Giyabos ɗin kansa kan yi, amma feda da mazauninta da bututun kuloci ba za su zauna ba. Waɗannan a nemo su daga motar Dubai ko Jamus ko Amurka.

Yaya zan gane giyabos mai lafiya a kasuwa alhali ba a kan mota yake ba?

Ka je da bakanikenka, kuma kada ka ji kunyar ɓata hannu. A kwance notin zubar da mai. Yawanci akwai maganaɗisu a jikinsa. Idan ka ga baƙin laka mai laushi kamar kwalli, ba komai, cin yau da kullum ne. Idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, haƙori ya karye a ciki. Tara ɗan man a tafin hannunka ka fita da shi rana. Ƙyalli mai ruwan zinariya alama ce cewa zobban tagulla da ke daidaita shigar giya sun cinye, irin wannan giyabos shi ne ke yin ƙarrr idan za ka shiga ta biyu.

Daga nan a ɗora sandar giya a shiga kowace giya, har ribas, wani yana juya sandar gaba da hannu kai kana kallon ta baya. Ta juya sumul, ba tsalle ba gurnani. Ka kama bakin sandar gaba ka girgiza, ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma kada ta yi ta rawa. Ka duba jikin akwatin ko akwai tabon walda. A ƙarshe ku yi magana da mai kaya a gaban shaida, a rubuta a rasit, cewa idan an ɗora bai yi ba za a canza maka.

Ina matsalar waya da birenbos take?

Wannan ya danganta da shekarun motar. Injin 1HZ famfon dizal ɗinsa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke sarrafa shi, don haka aikin rewaya kaɗan ne. Motar fetur ta ƙarshen shekarun 1990 kuwa, a da yawansu birenbos ɗaya ne ke kula da inji da giya. Idan ka cire giyar ka bar shi, zai ci gaba da neman solonoyid ɗin da babu su, ya kunna fitilar gargaɗi a dashbod. Motar za ta yi tafiya, amma ranar da inji ya samu matsala ta gaske ba za ka sani ba, tunda fitilar dama a kunne take. Na ga masu cire ƙwan fitilar su ce an gyara. Kada ka yarda. A saka birenbos na giyar hannu, na shekarar da ta dace da wayoyinka. Idan motar tana da makulli mai tsaro a ciki, sai an daidaita makullin da sabon birenbos ɗin kafin ta tashi.

Abubuwa uku kowace mota sai an taɓa su. Na farko makunnin da ke hana otomatik tashi sai yana P ko N. Masu gaggawa sukan haɗa wayoyin biyu kai tsaye, motar ta riƙa tashi ko a cikin giya take. Abin da ya dace shi ne a kai wayoyin nan zuwa makunnin fedar kuloci, ta yadda kik ba zai juya ba sai an taka kuloci. A gidan da yara ke wasa a gaban mota wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu fitilar ribas, a ja ta zuwa makunnin da ke jikin sabon giyabos. Na uku sifidomita, a tabbatar tana karanta daidai, ana iya gwada ta da wayar hannu a kan miƙaƙƙiyar hanya. Wasu motocin suna da igiyar da ke hana makulli fita sai giya tana P, ita ma a cire ta da kyau.

Prado 150 ko Lexus GX 460 fa? Ko Land Cruiser 200?

A'a. A waɗannan motocin inji da giya da birki da na'urar hana zamewa da dashbod duk suna magana da juna ta waya ɗaya. Ka cire ɗaya, sauran su shiga ruɗani, wasu abubuwan tsaro su kashe kansu. Garin neman gira za ka rasa ido. Wanda yake son giyar hannu a wannan ajin ya sayar da tasa ya sayi wadda ta fito da ita daga kamfani, ko ya nemi Hilux ko Land Cruiser 70. Ita kanta 70 ɗin, wadda ake yi tun 1984, a ƙarshen 2023 an fito da samfurinta mai injin dizal 2.8 da otomatik mai giya shida, abin da ke nuna inda duniyar ta dosa.

Sai na canza aksul?

Galibi a'a. Amma ka san abin da zai sauya. Giyar ƙarshe ta A340F 0.705 ce, ta biyar a R150F kuwa 0.838. Bambancin ya kusa kashi 19 cikin ɗari. Wato gudun da a da inji ke yi da juyi 2,200 a kan babbar hanya, yanzu zai yi shi da kusan 2,600. Za ka ji ƙarar inji ta ɗan ƙaru, ba ciwo ba ne. Idan dai ka yanke shawarar canza haƙoran aksul, dole gaba da baya su zama lamba ɗaya. Suka bambanta, ranar da ka saka fowil, wato ja da ƙafa huɗu, ogzilari ko farfela ne zai lalace.

Za ta rage shan mai?

A tsohuwar mota mai otomatik giya huɗu, a cikin gari da kan hanyar ƙasa, yawanci ana ganin ɗan sauƙi, saboda babu konbata da ke ɓatar da ƙarfi a cikin mai. A doguwar tafiya kan kwalta bambancin yakan ragu, tunda inji yana juyi da sauri fiye da da. Kada ka yi aikin don mai kaɗai, za ka daɗe ba ka fanshe kuɗinka ba.

Nawa aikin zai ci, kuma kwana nawa?

Farashin kayan mota yana bin dala, lambar da zan rubuta yau ba za ta yi maka amfani ba bayan wata biyu. Ga yadda za ka yi lissafi. Ka samo farashi uku a mako ɗaya: kuɗin otomatik na Beljiyam da ɗorawa, kuɗin cikakkun kayan mayarwa tare da sabon kuloci da ladan bakanike da na rewaya, da kuma cikon da za ka yi idan ka sayar da motarka ka sayi irinta mai giyar hannu. Sau da yawa na ukun ne ke ba mutane mamaki. A kan na biyun ka ƙara wani abu na ko-ta-kwana, domin ƙananan kaya sai sun ɓullo.

Idan komai yana ƙasa kafin a fara, gareji mai hankali zai gama cikin mako guda. Idan an fara kwancewa kafin kaya su cika, motar tana iya yin wata biyu a kan jak, yaran gareji suna ɗibar notukanta suna ɗaura wa wasu motoci.

Wane bakanike zan ba?

Wanda ya taɓa yin irin motarka, kuma zai iya nuna maka motar tana yawo. Ka je ka tuƙa ta. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko ƙarfen gicciye da noti aka ɗaure shi ko walda aka yi masa a jikin shasi. Ka duba inda masta na sama ya zauna, idan ƙarfen wurin yana lanƙwasa duk lokacin da aka taka feda, zai tsage wata rana. Ka tambaye shi, cikin girmamawa, "Oga, da me za ka ɗaure notukan fulawil?" Idan yana da sufana mai awo kuma ya san lambar da littafi ya bayar, ka samu mutum. Fulawil ƙarfe ne mai nauyi da ke juyi dubbai a minti kusa da ƙafafunka, ba wurin ɗauri da ƙiyasi ba ne.

Akwai abin da ya shafi takardu?

Lambar shasi da ta inji ba sa canzawa, don haka motar tana nan a matsayinta. Ka adana rasit ɗin giyabos da sauran manyan kaya a cikin takardun mota. Idan kana da inshora mai cikakken biya, ka sanar da su a rubuce. Ranar da za ka sayar kuma ka gaya wa mai saye gaskiya cewa mayarwa aka yi, haƙƙinsa ne ya sani, kuma lambar da ke jikin farantin ma za ta faɗa masa.

Darajar motar za ta ƙaru ko za ta ragu?

A Abuja ko cikin Kano, inda gosulo ke cin ƙafar hagu, masu saye sun fi son otomatik, kuma suna ɗari-ɗari da motar da aka taɓa. A garuruwan da ke bakin daji, mai giyar hannu da aka yi wa aiki mai tsabta ba ta kwana a kasuwa. Ka kuma tuna da mutanen gidanka. Idan uwargida ko Baba mai ciwon gwiwa suna tuƙa motar, ka yi shawara da su kafin ka kira bakanike.

An gama aikin. Me zan kula da shi?

Kada ka zuba jan man otomatik a giyabos sai in littafinsa ya ce haka. Irin su R150F da H151F man giya mai kauri suke sha, 75W-90, kuma mai lambar GL-4 ya fi yi wa zobban tagulla daɗi. Tunda ba ka san tarihin giyabos ɗin ba, ka zubar da man farko bayan 'yan makonni ka duba maganaɗisun, ka zuba sabo. Ogzilari ma haka. Mastan kuloci man birki yake sha, DOT 3. Bututu biyu da ke kai man otomatik cikin lagireto yanzu ba su da aiki, a toshe bakinsu.

Fedar kuloci ta kasance da ɗan sako-sako a sama, kamar milimita 5 zuwa 15, kafin ka ji ta fara turawa. Idan babu, kulocin zai riƙa zamewa yana ƙonewa ba ka sani ba. Kilomita ɗari biyar na farko ka tafi da ita a hankali, kada ka ja tirela ko ka cika ta da buhuna. Bayan mako guda ka koma rami a sake bin notukan farfela da na sitin giya.

Sai tuƙin kansa, ga wanda ya daɗe a otomatik. Ka sauke ƙafarka daga kan kuloci da zarar ka gama canza giya. A tudu ka riƙe mota da birkin hannu, ba da rabin kuloci ba. Kafin ka shiga rairayi ka rage iskar taya, ka zaɓi giyar da za ta kai ka ƙarshe tun daga bakin wurin. Idan za ka ƙetare rafi ko taɓo mai zurfi da damina, saka ƙaramar ogzilari da giya ta biyu tun kana kan tudu, kuma kada ka taka kuloci sai ka fita, domin yana buɗewa ruwa da laka za su shiga tsakanin faifan da fulawil.

Tsohon otomatik ɗin fa, in jefar?

Kada ka jefar. Ko ya mutu, masu gyaran giya suna sayensa don konbata da solonoyid da akwatin bawul da ke cikinsa. Birenbos ɗinsa da farfelolinsa da sandar giyar suna da masu nema. Idan kana da wurin ajiya kuma giyar tana da sauran rai, ka toshe bakunanta da leda, ka ɗora ta a kan katako inda ruwan sama ba zai same ta ba, ka haɗa notukanta a gwangwani ɗaya ka ɗaure a jikinta.